AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shin Littafi Yana Maganin Yawan Tunani?

Wannan shi ne filinmu na amsa wasiƙunku, wanda bayan an watsa shi ta rediyo mukan buga shi a nan domin wanda bai sami ji ba, ko wanda ya ji amma yana so ya adana. A wannan mako jakarmu ta cika maƙil, amma mun ware wasiƙu biyu saboda maganarsu ɗaya ce, kuma magana ce da mutane da yawa suke fama da ita a ɓoye.

Ta farko ta fito ne daga wani bawan Allah a ƙasar Haɗeja, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni manomin shinkafa ne, ina kuma taɓa sayen hatsi ranar kasuwa. Daminar da ta wuce na ci bashin taki buhu shida, ruwa ya zo ya shafe gonar, ko tiya ɗaya ban ɗauka ba. Tun daga ran nan barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai saƙa da warwara, in na idar da salla ban san raka'a nawa na yi ba. Na daina zuwa majalisa, don gani nake kowa ni yake kallo. Yarona da ke sakandare ya ce akwai littattafan da ake karantawa su yaye wa mutum damuwa. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya takarda za ta yi maganin abin da ke cikin zuciya, alhali ba za ta biya mini bashi ba?"

Ta biyu kuwa daga wata baiwar Allah ce mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wajen Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar, 'yarta ce ta rubuta mata. Ta ce tun da maigidanta ya rasu ya bar ta da marayu, gabanta yake yawan faɗuwa ba gaira ba dalili, wani lokaci har numfashinta ya riƙa sarƙewa tana tsakiyar ciniki. Ta ce: "Kullum muna ji kuna cewa a yi karatu. To mu da ba mu yi boko ba, ajamin ma ba mu iya ba, ina namu rabon?"

To, Malam da Hajiya, mun gode da waɗannan wasiƙu, Allah ya mayar da alheri, ya jiƙan wanda ya rasu, ya raya abin da ya bari. Amsar a taƙaice ita ce, e, gaskiya ne, yaronka bai yi ƙarya ba. Amma da sharaɗi uku: littafin ya zama na kirki, a yi aiki da abin da ke cikinsa, sa'an nan a san inda ƙarfinsa ya tsaya. Ke kuma Hajiya, rabonki yana nan, za mu zo kansa. Ni dai ba likita ba ne, abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga abin da masana wannan fanni suka tabbatar.

YAWAN TUNANI CIWO NE SANANNE

Da farko, Malam, ka cire wa ranka cewa kai kaɗai ne, ko kuwa imaninka ne ya yi rauni. Duk wanda ya yi karatun allo ya san Annabi Yakubu, alaihissalam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu har ganinsa ya tafi. Haka nan shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu, malaman tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki. Ashe ke nan baƙin ciki ba ya kore imani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ne suke fama da ciwon damuwa a duniya, watau sun fi mutanen Nijeriya da Nijar yawa in an haɗa su. A ƙasar Zimbabuwe, mutanen Shona suna kiran wannan ciwo kufungisisa, ma'anarsa kuwa daidai da abin da muke faɗa, watau yawan tunani. Ka ga ke nan abin ba na Bature ba ne, ba kuma na ɗan birni ba ne. Yana kama manomi, yana kama falke, yana kama mai furar da ke bakin tasha.

ASALIN WANNAN DABARA

Wani zai ce ai wannan sabon abu ne da aka kawo mana daga Turai. To ba haka ba ne. Fiye da shekara dubu da suka wuce an yi wani malami, Abu Zaidil Balki, mutumin Balku cikin ƙasar Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekarar 934. Ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, watau abin da ke gyara jikuna da rayuka. Rabin littafin na biyu duk a kan fushi ne da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Wani malamin Sudan, Farfesa Malik Badri, ya fassara wannan rabi zuwa Turanci a 2013.

Shawarar da Balki ya bayar ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun ciwo bai zo ba. Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Da kaka ake cika rumbu, ba a jira sai bazara ta yi tsanani. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Balki ya kuma raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar asara ko rasuwa, wannan nasiha da gyaran tunani suna yi masa aiki. Akwai kuma wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, wanda ya ce yana da nasaba da jiki, sai an haɗa da magani. Ku riƙe wannan rabo, za mu dawo kansa.

A zamaninmu kuwa, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Dokta Aaron Beck, ya lura a shekarun 1960 cewa masu ciwon damuwa suna da wasu maganganu da zuciyarsu ke raɗa musu ba tare da sun kira su ba, kamar "ni ba ni da amfani" ko "ba zan ƙara ganin daidai ba". Ya gano cewa in aka koya wa mutum ya kama irin wannan magana ya bincike ta, sau da yawa nauyin yakan ragu. Alal misali, 'yan kasuwa biyu sun sayi masara sun ajiye, farashi ya karye, asararsu ɗaya. Na farko ya ce, "Bana kasuwa ta kayar da ni, baɗi sai in yi hattara." Na biyu ya ce, "Ni dama ba ni da sa'a, na gama yawo." Na farko zai ji zafi amma zai fita kasuwa mako mai zuwa. Na biyu zai kwanta a ɗaki, kwanciyar kuma ta jawo masa wata asarar.

Wani almajirin Beck, Dokta David Burns, ya zuba wannan dabara cikin littafi domin talakawa a 1980. Da aka gwada irin waɗannan littattafai aka ga suna taimakon masu damuwa wadda ba ta yi tsanani ba, sai a 2003 aka fara wani tsari a birnin Kadif na ƙasar Biritaniya, inda likita zai rubuta wa majiyyaci sunan littafi a takarda kamar yadda ake rubuta magani, ya je laburare ya ara. Ingila ta ɗauki tsarin a 2013. A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ɗan littafin mai hotuna, sunansa da Turanci Doing What Matters in Times of Stress, watau yin abin da ke da muhimmanci a lokacin ƙunci. Kyauta ne a shafin hukumar na intanet, akwai shi da Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, yaro mai waya zai iya sauko muku da shi.

ABIN DA KE CIKIN LITTATTAFAN

Malam, ka ce takarda ba za ta biya maka bashi ba. Gaskiyarka. Amma ka lura, wata nawa ke nan kana tunanin dare, ko kwabo tunanin ya rage daga bashin? Aikin littafin shi ne ya dawo maka da barcinka da natsuwarka, domin da su ne za ka nemi abin biyan. In aka tace waɗannan littattafai, dabaru huɗu ne suka fi yawa a ciki. Ga su.

Ta farko, saita numfashi. Hajiya, wannan taki ce musamman. In mutum ya yi kiciɓis da maciji a gona, nan take zuciyarsa za ta buga, numfashi ya yi sama-sama, gumi ya karyo. Jiki ne ke shirin gudu, kuma rahama ce. To mai fargaba jikinsa yakan yi wannan shiri alhali ba macijin, tunani ne kawai ya tayar da shi. Maganin a nan shi ne a sanar da jiki cewa lafiya lau. Ki zauna, ki dasa tafin ƙafafunki a ƙasa, ki ɗora hannu a ciki. Ki ja numfashi ta hanci a hankali kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, har ki ji cikin ya taso, sa'an nan ki sake shi a hankali kina ƙirga uku ko fiye. Ki yi haka kamar minti biyar. Daga nan ki dubi abin da ke gabanki ki ambata shi a zuci: ga kwalbar mai, ga tire, ga mai lemo can, ga kukan babur. Wannan yana janyo hankali daga jiya da gobe ya dawo da shi inda kike. A riƙa yi safe da yamma ko lafiya ƙalau ake ji, domin ranar da abin ya taso jiki ya riga ya saba.

Ta biyu, binciken tunani. Ɗan kasuwar kirki ba ya sayen buhun hatsi don kawai mai shi ya ce mai kyau ne, sai ya zura hannu ya ɗebo daga ƙasa ya duba. To me ya sa duk abin da zuciya ta kawo mana cikin dare muke saye ba ciniki? Ka sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ko da boko ko da ajami. In tunanin ya zo, rubuta shi yadda ya zo, alal misali, "Na lalace, kowa dariya yake yi mini." Sai ka yi masa tambaya uku. Mece ce shaidar wannan magana? Mece ce shaidar da ta saɓa mata? In amininka ne wannan abu ya sama, me za ka ce masa?

Bari mu gwada da kai. Wa ka ji da kunnenka ya yi maka dariya? Ruwan nan gonarka kaɗai ya zaɓa, ko har da ta maƙwabta? Shekara nawa ka yi kana noma kana ciyar da gida kafin bana? In ka amsa tsakaninka da Allah, sai ka rubuta magana ta biyu a ƙarƙashin ta farko, wadda ta fi kusa da gaskiya: "Na yi babbar asara bana, bashi yana kaina, amma gonar tana nan, ƙarfina yana nan, ga noman rani." Ka lura ba a ce ka yaudari kanka ka ce komai lafiya ba. An ce ne ka auna da mudun gaskiya, kada ka tauye, kada ka yi algus.

Akwai tarkuna da zuciya ta saba ɗana wa mutum, yana da kyau a san su. Akwai duba, watau yanke hukunci a kan gobe kamar ka gan ta. Akwai karanta zuciyar mutane, ka ga biyu suna magana ka ce da kai suke. Akwai "kullum" da "har abada", abu ya faru sau ɗaya ka mai da shi dokar rayuwarka. Akwai kuma ɗaukar laifin da ba naka ba, kamar kai ka saukar da ruwan.

Ta uku, rarraba matsala. Dami ba ya shiga rumbu ta ƙaramar ƙofa sai an kwance shi. Ka ja layi a tsakiyar takarda. A dama ka rubuta abin da hannunka zai iya kaiwa, a hagu abin da ba ya kaiwa. Ruwan da ya riga ya wuce, da farashin taki, da bakin mutane, duk hagu ne, waɗannan sai addu'a da haƙuri. Maganar mai taki kuwa dama ce. Sai ka ɗauki wannan guda ɗaya tak, ka jero duk hanyoyin da suka zo maka, kada ka raina ko ɗaya: ka je da wani dattijo ku roƙi ɗaga ƙafa, ko ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan duk ranar kasuwa, ko ka haɗa guiwa da wani ku yi albasa ko alkama a fadama, ko a sayar da akuya ɗaya a rage. Ka zaɓi wadda ta fi sauƙin farawa, ka sa mata rana da lokaci, ka ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bayan mako ka duba, in ta yi, madalla, in ba ta yi ba ka ɗauki ta biyu. Sau da yawa gudun haɗuwa da mai bin bashi ya fi haɗuwar kanta cin rai.

Daɗin daɗawa, ka yanka wa tunani lokacinsa. Bayan la'asar ka zauna da ɗan littafinka kamar minti goma sha biyar, ka yi duk lissafin da za ka yi. In ya zo maka da tsakar dare, ka ce masa kasuwa ta tashi, sai gobe bayan la'asar. Da farko ba zai ji ba, amma sannu ba ta hana zuwa. Ka kuma rage goro da shayi da kofi daga yamma, domin suna kore barci.

Ta huɗu, tashi a motsa. Damuwa takan ce wa mutum, zauna sai ranar da ka ji daɗi sa'an nan ka fita. Masana sun gano cewa abin a juye yake, fitar ce ke fara zuwa, jin daɗin ya biyo baya. Saboda haka kada ka jira sha'awa. Gobe ka je majalisa ko na minti goma ne, ka gaisa ka taso. Jibi ka zaga gonar ka duba inda ruwa ya ci. Gata ka je gaisuwar mara lafiya ko ka kama wa maƙwabci aiki. Abu ɗaya ƙarami kowace rana ya isa a fara.

Lokacin da nake koyarwa a firamare na ga wani abu da ba na mantawa. Yaron da ya haddace dokar lissafi amma bai taɓa yin aikin gida ba, ranar jarrabawa sai ya zauna yana cizon fensir. Haka waɗannan dabaru suke. Wanda ya karance littafin a dare ɗaya ya ajiye bai sami komai ba. Wanda ya ɗauki dabara ɗaya ya yi ta mako biyu kafin ya ƙara wata, shi ne zai ga amfani.

RABON WANDA BAI IYA KARATU BA

Yanzu, Hajiya, ga amsarki. A arewacin ƙasar Yuganda an gwada wani shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya a kan mata 694 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, waɗanda yawancinsu ba su yi nisa a makaranta ba. Ba a ce su karanta komai ba. An ɗauki darussan ne a murya da harshen da suke ji, ana tara su ashirin zuwa talatin su saurara, zama biyar, da ɗan littafi mai hotuna a hannu. Da aka buga sakamakon a 2020, an ga bayan wata uku damuwarsu ta ragu fiye da ta matan da ba su shiga shirin ba.

A Zimbabuwe kuma, wani likita, Dokta Dixon Chibanda, ya fara wani abu a 2006 a unguwar Mbare cikin birnin Harare. Ya ga likitocin ƙwaƙwalwa sun yi kaɗan ƙwarai a ƙasar, sai ya koya wa tsofaffin mata goma sha huɗu dabarar sauraro da ta rarraba matsala, irin wadda muka faɗa a sama. Aka kafa musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna da kaka su yi magana, zama shida. A gwajin da aka buga a 2016, wanda ya ƙunshi mutum 573, bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin suke da sauran alamun ciwon, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 50 ne.

Ke nan amfanin yana cikin dabarar, takarda jaka ce kawai da aka zubo ta. 'Yarki ta karanta miki wannan shafi sau biyu ko uku. In za ki rarraba matsala, ki ɗebi ƙwayar gyaɗa, kowace ɗaya ki kira ta da sunan damuwa guda, ki ware su kashi biyu, na hannunki da na hannun Allah kaɗai. Sa'an nan ki sami mace ɗaya mai riƙon amana, ko cikin 'yan adashinku ko 'yan makarantar Islamiyya, ku sa rana ɗaya a mako kuna zama. Balki ma ya faɗa cewa mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin wani a kan wadda yake yi wa kansa. Bincike na zamani ya nuna haka, cewa littafin ya fi aiki in akwai mai tambayarka duk mako, yaya, ka gwada kuwa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai ma Malam, yaron nan da ya kawo maka maganar, Allah ya yi masa albarka, ka jawo shi ku riƙa karantawa tare.

A YI HATTARA DA JABU

Kamar yadda ake samun jabun taki, haka ake samun jabun littafi, da jabun masu ba da shawara a waya. Ga alamun da za a duba. Na kirki yana faɗin wanda ya rubuta shi da aikinsa, likita ne ko wata hukuma sananniya. Yana ba ka aikin yi, ba daɗin baki kawai ba. Yana kuma gaya maka lokacin da za ka ajiye shi ka tafi asibiti. Amma duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin kwana bakwai, ko ya ce in ka ƙudurta arziki a zuciya kuɗi za su zo da kansu, ko ya ce ka zubar da maganin da likita ya ba ka, ko ya ƙare da cewa ka turo kuɗi a aiko maka da wani sirri, to ka riƙe aljihunka.

Haka nan a guji neman sauƙi a wurin ƙwaya. Taramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, da ƙwayoyin barci da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, suna kwantar da tunani na awa kaɗan, sa'an nan su bar mutum da ciwo biyu maimakon ɗaya.

INDA LITTAFI YA TSAYA

Wannan shi ne mafi muhimmanci a duk bayaninmu, don Allah a saurara da kyau. Kun tuna baƙin ciki iri na biyu da Balki ya ce sai da magani. In mutum ya yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, abinci ya fita ransa, yana ramewa, ya kasa aikinsa, to a je asibiti. Malam, yadda ka kwatanta naka, ya daɗe ya wuce mako biyu, saboda haka shawarata ka haɗa biyun, ka fara dabarun nan yau, ranar kasuwa mai zuwa kuma ka biya asibiti. Ke ma Hajiya ki je a auna jininki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da ciwon zuciya suna iya kawo faɗuwar gaba, numfashi kuma ba ya maganinsu.

Akwai kuma waɗanda ba a jira da su ko kwana ɗaya: wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wanda ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar kuɗi, mai jegon da ta ƙi jaririnta ko ta rikice, mai zazzaɓin da ya fara sambatu, da wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Wannan na ƙarshe kada a ce wasa yake, kada kuma a rufe shi da faɗa. A tambaye shi a fili cikin taushin murya, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ɓera daga gidan a kulle a wani wuri, a kai shi asibiti. Wannan kwashewa ba ƙaramin abu ba ce. Ƙasar Siri Lanka ta hana sayar da magungunan feshi mafiya dafi, cikin shekara ashirin daga 1995 yawan masu hallaka kansu ya ragu da wajen kashi 70 cikin ɗari, domin sau da yawa wannan tunani guguwa ce, in ta wuce mutum yakan gode wa Allah da ya tsira. In kuma kai mai karatu kai ne ke cikin wannan hali, ka gaya wa mutum ɗaya yau, kafin rana ta faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A fara da asibiti mafi kusa, su za su tura mutum gaba in da bukata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma sashen wannan ciwo a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. A Nijar akwai sashen a babban asibitin ƙasa na Yamai. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa ana duba su ne su koma gida ran nan. In an ba da magani a sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, kada a yanke shi sai da izinin likita. Kuma a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa da mutuncinsa. Ɗaure mara lafiya da mari ko dukansa ba magani ba ne. Addu'a da zuwa asibiti kuwa ba sa karo da juna, a yi duka biyun.

To, Malam, muna sauraron wasiƙarka ta gaba, ka gaya mana yadda kuka yi da mai taki. Hajiya, a gai da yara, Allah ya sa albarka a kasuwa. Sauran waɗanda suka aiko da tambaya a kan tsutsar masara da ajiyar wake, ku yi haƙuri, taku tana nan tafe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, wanda kuma ya ce a sakaya sunansa za a sakaya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.